Shekarar da Kasuwar Jirage Masu Saukar Ungulu Ba Ta Ci Ba

Ni makanikin jirgi mai saukar ungulu ne. Da wannan sana'a na yi aure, da ita nake ciyar da iyalina, kuma in Allah ya yarda a cikinta zan tsufa. Labarin da zan bayar ya faru ne a farkon shekarar 2016, lokacin da na je babban baje kolin masana'antarmu a birnin Louisville na jihar Kentucky a Amurka, na tarar kasuwa ba ta ci ba. Wannan tafiya ce sanadin barina wurin aikin da na daɗe a cikinsa, ita ce kuma ta buɗe mini ido a kan wanda sana'armu take yi wa hidima a zahiri.

Karatu ne ya kai ni Amurka, gyaran jirgi ya riƙe ni. Hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, wato FAA, ba ta ba mutum lasisin taɓa gangar jikin jirgi da injinsa sai ya gama makarantar da ta amince da ita, ko kuma ya yi wata 30 yana aiki a ƙarƙashin masu lasisi, sannan ya ci jarrabawar rubutu, da ta baki, da ta aikin hannu. Da na samu nawa, sai Allah ya kai ni gaɓar teku a jihar Louisiana, wurin wani kamfani da ke jigilar ma'aikatan mai zuwa rijiyoyin da ke cikin Tekun Meziko. Jiragen suna tashi tun da asuba, mu kuwa aikinmu da dare ne. In sun dawo da yamma jikinsu duk gishirin teku, mu wanke, mu duba farfela ɗaya bayan ɗaya, mu leƙa giyabos, mu auna mai, mu rubuta komai a littafin tarihin jirgi, mu sa hannu. Sa hannun nan ba wasa ba ne. Jirgin Sikorsky S-92 yana ɗaukar fasinja 19, kuma kowanne cikinsu ya dogara ne da cewa wanda ya sa hannu jiya da dare ya duba abin da ya ce ya duba.

A shekarun da gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, ba wanda yake tunanin gobe a wajenmu. Ƙarin lokaci kullum akwai, sababbin jirage suna ta isowa, kamfanoni suna farautar makanikai daga hannun juna. Har kamfanonin ba da hayar jirage masu saukar ungulu suka ɓullo, suna sayen manyan jirage su ba masu jigila haya. Ɗaya daga cikinsu, Milestone, wanda aka kafa a 2010, reshen hayar jirage na kamfanin GE ya saye shi a kan kusan dala biliyan 1.8 a farkon 2015. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kuɗin da ake ganin yana cikin harkar.

Baje kolin da nake magana a kai sunansa Heli-Expo a wancan lokaci, ƙungiyar masu harkar jirage masu saukar ungulu, wato HAI, ce take shirya shi duk shekara, ana zagayawa da shi birane. Na je na Las Vegas a 2013, inda mutum sama da 20,000 suka hallara. Wanda bai gani ba zai yi wuya ya gane. Jirage na gaske ake shigowa da su cikin zaure, an goge su suna ƙyalli, ana yaye wa sababbi mayafi da kiɗa da fitilu, ana sanar da cinikin jirage goma, ashirin a zama ɗaya. Ɗan ƙaramin makaniki irina ba ya samun mai sauraronsa. In ka tsaya a rumfar babban kamfani, mai tsaron rumfar zai fara kallon katin da ke rataye a wuyanka, in bai ga alamar kai mai saye ba ne, sai ya miƙa maka takarda da alƙalami na kyauta, ya juya ga na bayanka. Ban taɓa jin haushin wannan ba, kowa da abin da ya kawo shi.

Sai farashin mai ya faɗi. A tsakiyar 2014 ganga tana sama da dala 100, zuwa Janairun 2016 ta sauko ƙasa da dala 30. Amurka ta cika kasuwa da man da take tatsowa daga cikin duwatsu, ƙungiyar OPEC ta ƙi rage haƙowa a taronta na Nuwamban 2014, buƙatar Sin ta yi sanyi, ga kuma Iran da aka ɗage wa takunkumi ta dawo kasuwa. Kamfanin mai in ya shiga matsi, abin da yake fara yankewa shi ne neman sababbin rijiyoyi a can cikin teku mai zurfi, kuma wannan aikin ne yake buƙatar manyan jirage masu dogon zango. Wato dai wuƙar a kan wuyanmu ta fara sauka.

Mutane suna zaton jirgin da aka ajiye ba ya cin komai. Yana ci, har ya fi wanda ke tashi ban tausayi. Wasu sassan jirgi da awannin tashi ake lissafa rayuwarsu, wasu kuwa da kwanan wata, ko jirgin ya motsa ko bai motsa ba ranarsu za ta zo a cire su. Ga tsatsa, wadda iskar bakin teku take ciyarwa dare da rana. Dole a rufe bakin injin, a ɗaure farfela, a cire batir, a riƙa tayar da injin lokaci lokaci ko a zuba masa man adanawa. Kuɗin haya da na inshora kuma ba sa jira. Na yi watanni ina wannan aiki, ina kula da jiragen da kowanne ya ci gomman miliyoyin daloli, an jera su ba mai hawa. Da hannuna na karɓi wasu cikinsu ranar da suka iso sababbi, ƙamshin kujerunsu bai gama fita ba. Duk Juma'a kuma sai an kira wani ma'aikaci zuwa ofis, ya fito da ambulan a hannu, ya tura akwatin kayan aikinsa zuwa mota. Hausawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A da kamfani ne yake biya wa wasunmu kuɗin zuwa baje koli. A wannan shekara aka ce babu. Na zauna da uwargida na ce mata ina so in je da kuɗin aljihuna. Ta yi shiru, don ta san abin da ke cikin asusun fiye da ni. Can ta ce, “Maigida, in aiki za ka nema, ai ana nema ta intanet. Me zai kai ka wurin da kowa yake kuka?” Na ce mata takardar da aka tura ta intanet tana faɗawa cikin dubu irinta, amma fuska in an gan ta ba a saurin mantawa. Ta ce Allah ya sa a dace, ta haɗa mini kaya. Na buga takardun tarihin aikina, na kama hanya a mota, don tikitin jirgi ya fi ƙarfina a lokacin.

An yi taron daga ƙarshen Fabrairu zuwa 3 ga Maris, a babban filin baje koli na Kentucky da ke maƙwabtaka da filin jirgin saman birnin. Ana sanyi sosai. Tun daga wurin karɓar kati jikina ya ba ni, domin layin da na saba tsayawa a kai babu shi. Da na shiga zauren, komai yana nan yadda aka saba: darduma sabuwa, fitilu, manyan alluna, jirage a kan dandamali. Airbus Helicopters suna nan, Bell suna nan, Robinson da ƙananan jiragensu suna nan. Sikorsky sun zo a karon farko a matsayin mallakar Lockheed Martin, wanda ya saye su a kan dala biliyan 9 a Nuwamban 2015. Kamfanin Italiya da muka sani da AgustaWestland ya zo da sunan uwar kamfaninsa Finmeccanica, kafin daga baya a koma kiransa Leonardo. Masu kaya duk sun kasa kayansu. Masu saye ne suka yi ƙaranci. Kana iya tsayawa a wannan ƙarshen layi ka hango wancan ƙarshen ba wanda ya tare maka gani, masu tsaron rumfuna suna tsaitsaye suna hira da junansu ko suna duba waya.

Kowa da dalilin da yake bayarwa. Wasu suka ce garin ne, wai ba shi da jiragen da ke zuwa kai tsaye daga ƙasashen waje kamar Orlando ko Las Vegas, ga sanyi, ga masaukai a warwatse. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganina ba ita ce babbar gaskiyar ba. Da ganga tana dala 100, ko a tsakiyar hamada aka kafa rumfunan nan da an cika su. Waɗanda suka saba zuwa da tawaga daga Tekun Arewa na Turai, da Birazil, da Ostareliya, su ne aka yanke wa kuɗin tafiya, kuma su ne masu sayen manyan jirage.

Ranar farko na yi ta ne da baƙin ciki. Na raba takarduna a rumfunan kamfanonin jigilar teku, kowa ya karɓa da ladabi, kowa ya ce mini su ma ragewa suke yi. Wani ma ya buɗe aljihun tebur ya nuna mini tarin takardu irin nawa, bai ce komai ba. Da dare a masauki na kasa barci. Ina ta lissafin kuɗin makarantar yara da na gida, ina tambayar kaina ko shekarun da na zuba a sana'ar nan sun tashi a banza.

Washegari ban nufi manyan rumfuna ba, na bi layukan baya, inda ƙananan kamfanoni suke: masu gyaran giyabos, masu ƙera ƙugiyar ɗaukar kaya, masu bokitin kashe gobarar daji, masu gilashin gani da dare. A nan na fara lura da abin da rashin cunkoso ya kawo. Mutane suna da lokaci. Injiniyan da a shekarun baya ba zan samu ko gaisuwarsa ba, ya ja kujera ya zaunar da ni, ya buɗe wani sashe na injin da aka yanka biyu don nuni, ya bi da ni hanyar da mai yake bi, ya nuna mini inda ƙarfe yake fara gajiya da irin ɓurɓushin da za ka gani a matattarar mai kafin abu ya lalace. Na yi shekaru ina karanta wannan a littafi, ranar na gan shi da ido.

A ɗaya daga cikin layukan nan na haɗu da wani dattijo mai sayar da na'urar daidaita farfela da auna girgizar jirgi. Gashinsa fari fat, hannuwansa duk tabon aiki. Ya tambaye ni inda nake aiki, na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, “Ɗana, zauna.” Ya ce shi ma a gaɓar tekun nan ya fara, kuma yana can a 1986 lokacin da farashin mai ya rushe, aka sallame su rututu. Ya ce abin da nake gani yau ya gan shi da idonsa shekara talatin da suka wuce, har jeren jiragen da aka rufe wa baki.

Na ce, “Yallaɓai, to yaya kuka yi?”

Ya ce in tashi in dubi zauren da kyau, in gaya masa rumfunan da babu kowa da waɗanda ake ɗan taruwa. Na duba. Inda aka kasa manyan jiragen teku shiru. Amma wurin jirgin da aka shirya cikinsa da gadon marar lafiya da kayan numfashi akwai mutane, wurin masu kashe gobara akwai, wurin jiragen 'yan sanda da masu duba layukan wutar lantarki akwai. Ya ce, “Mai haɗari a kan hanya ba ya tambayar nawa ganga take. Gobarar daji ma haka. Ku na teku kun daɗe kuna cin abinci a hannun mutum ɗaya, shi ya sa da ya rufe hannunsa kuka ga kamar duniya ta tashi.”

Daga nan ya kawo maganar da ta fi yi mini amfani. A Fabrairun 2014 FAA ta fitar da sababbin dokoki a kan jiragen ɗaukar marasa lafiya, bayan munanan haɗurran da aka yi ta samu, musamman a 2008. Dokar ta wajabta musu sanya na'urar da ke gargaɗin matuƙi in ya doshi ƙasa ko tsauni ko dogon ƙarfe, zuwa Afrilun 2017, da na'urar naɗar bayanan tafiya zuwa Afrilun 2018. Ga kuma wata dokar da ta ce daga 1 ga Janairun 2020 jiragen da ke shiga sararin da ake sa wa ido sosai sai sun ɗauki na'urar ADS-B mai sanar da inda jirgi yake. Dattijon ya ce duk waɗannan na'urori hannu ne zai ɗaura su, ya ja musu waya, ya gwada, ya sa hannu, kuma masu hannun ba su da yawa. Na san dokokin nan sama sama, amma ban taɓa kallonsu a matsayin ƙofa ba, don a wajenmu na teku ana ɗaukar aikin ƙananan jirage a matsayin koma baya. Wannan raini yana nan har yau a tsakanin wasu abokan sana'ata, kuma ba shi da tushe ko kaɗan.

Da kansa ya bar rumfarsa, tun da ba mai saye, ya raka ni wurin wata mata da ke shugabantar sashen gyara a wani kamfanin jiragen asibiti. Ta ba ni lokaci mai tsawo. Ba ta tsaya kan takarduna ba, tambayoyi ta yi ta yi mini. Wadda ba zan manta ba ita ce: in ni kaɗai ne makaniki a tasha, tsakar dare, an kira jirgi don ɗauko yaro, na ga abin da raina bai kwanta da shi ba, matuƙi da ma'aikatan jinya duk suna kallona, me zan yi? Na ce mata jirgin ba zai tashi ba, a kira wata tasha ko a tura mota. Ta ce kowa haka yake faɗa a zaune, amma ta ji yadda na faɗe shi. Ta karɓi lambata, ta ce ba ta yi mini alkawari ba.

Sauran lokacin na ba da shi ga azuzuwan kiyaye haɗari da ake yi a gefen baje kolin. Shugaban HAI na lokacin, marigayi Matt Zuccaro, tun 2013 yake nanata wa matuƙa saƙo guda: in yanayi ya ɓaci, ko mai ya yi ƙasa, ko jirgi ya yi wani ƙara da ba ka gane ba, ka sauka kawai, tun da jirginka yana iya sauka kusan ko'ina. Magana ce mai sauƙi, amma rayuka da yawa sun salwanta saboda kunyar sauka a gonar wani. A ajin da ba a cika ba, kowa ya samu damar yin tambaya, tsofaffin matuƙa suka riƙa ba da labarin ranar da suka kusa halaka, abin da ba sa yi in zaure ya cika da manyan baƙi.

Bayan na koma gida abubuwa suka ƙara dagulewa. Ranar 29 ga Afrilun 2016 wani jirgi samfurin H225 da ke dawowa daga rijiyar mai ya faɗi kusa da tsibirin Turøy a Norway, babbar farfelarsa ta rabu da jikinsa a sama, mutum 13 da ke ciki duk suka rasu. Bincike ya gano tsagewar gajiyar ƙarfe a wani haƙorin giya da ke cikin babban giyabos. Aka dakatar da irin wannan jirgi a ƙasashe da dama. Na yi kwanaki ina tuna injiniyan nan da ɓurɓushin ƙarfen da ya nuna mini. A watan Mayu kamfanin CHC, ɗaya daga cikin manyan masu jigilar teku a duniya, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, ya mayar wa masu haya jirage masu yawa. A cikin wannan bazara ni ma aka kira ni ofis, na fito da ambulan ɗina.

Ban daɗe a zaune ba matar nan ta kira. Alhamdulillahi. Muka tattara muka koma wani ƙaramin gari mai nisa da teku, inda nake kula da jirgi ɗaya tak mai injin biyu, a tasha kusa da asibiti. Albashin bai kai na da ba, kuma wayata ba ta mutuwa dare ko rana. Amma a da ban taɓa sanin waɗanda suke hawa jiragen da nake gyarawa ba. Yanzu kuwa akwai ranar da wani mutum ya zo tashar da 'yarsa tana dogara sanda, ya gaisa da matuƙi da ma'aikatan jinya, sannan ya tambaya wane ne mai gyaran jirgin. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, mai da baƙin giris duk a jiki, bai damu ba. Na shiga ɗakin ajiyar kaya na yi kuka.

Guguwar ba ta tsaya a 2016 ba. Kamfanin haya na Waypoint ya durƙushe a 2018, kamfanonin jigilar teku na PHI da Bristow suka nemi kariyar kotu a 2019, daga baya Bristow ya haɗe da takwaransa Era a 2020. A tsakiyar wannan, a baje kolin 2018, aka gabatar da binciken Jami'ar North Dakota da ya yi hasashen cewa zuwa 2036 Amurka za ta yi ƙarancin matuƙan jirage masu saukar ungulu sama da 7,000, da makanikan jiragen sama sama da 40,000. Da na ji wannan raina ya sosu, domin na san inda wasu daga cikin waɗannan makanikai suka tafi. Waɗanda muka yi aikin dare tare, masu shekara ashirin suna sauraron injin har suna gane ciwonsa da kunne, wani ya koma gyaran injinan iska masu ba da lantarki, wani ya koma manyan jiragen fasinja, wani yana tuƙa babbar mota. Jirgin da aka ajiye ana iya cire masa mayafi a tashe shi cikin makonni. Makanikin da ya tafi ya kama wata rayuwa ba ya dawowa, kuma renon wani kamarsa sai an shekara goma. Kamfanoni sun kashe kuɗi wajen adana ƙarfe, suka saki mutane, kuma har yau ina ganin an yi wannan lissafi a juye.

Baje kolin ya ci gaba. An soke na 2021 saboda annobar korona, ƙungiyar ta canza suna zuwa VAI a 2024, taron kuma ya koma Verticon daga 2025, yanzu har da jirage marasa matuƙi da masu aiki da batir ake kasawa. Ina zuwa duk shekarar da hali ya yi. Akwai matasa masu koyon aiki a ƙarƙashina yanzu, kuma na roƙi shugabanninmu su riƙa biya wa ko da ɗaya daga cikinsu kuɗin tafiya, ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba. Sun amince da na bana, na baɗi kuma muna kan magana.